Guntun Mabiyiyar da Na Yanka

Shekarar da zan gama jami'a aka ba ni bincike a kan mabiyiya. Ba ni na zaɓa ba. Malamin da ke duba aikinmu ya ce tunda gidanmu a Azare yake, kusa da asibiti, ni zan fi kowa samun abin aiki. Ban yi musu ba. Ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, ko da kuwa na san amsar.

Akwai ciwon da ke kama masu juna biyu in ciki ya fara tsufa. Jini ya hau, ƙafa da fuska su kumbura, kai ya riƙa sarawa, in ba a tare shi ba ya kai mace ga jijjiga. Masana na ganin daga mabiyiya yake tasowa. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a bayan kowace ƙwaya akwai sinadarai masu manne ta da 'yar'uwarta, kamar danƙo. A farkon ciki, sai wasu ƙwayoyin mabiyiya sun saki wannan danƙo sun ɗauki wani iri kafin su iya kutsawa cikin bangon mahaifa su buɗe hanyoyin jini. In ba su yi haka ba, hanyoyin sai su zauna a tsuke, jini ya yi wa mabiyiya kaɗan, ita kuma ta riƙa sakin abin da ke tayar wa uwa da jini. Aikina shi ne in yanki ɗan guntu, bai kai kan babban yatsa ba, in saka a kwalbar magani mai hana ruɓa. A ɗakin gwaji sai a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a yanka siriri, a ɗora kan gilashi, a rina, in duba ta madubin da ke ƙara girman abu in ga yadda danƙon nan yake.

A takarda abin ba wuya. A ƙofar ɗakin haihuwa kuwa na ga abin da ban zata ba. Kowane miji yana tsaye da leda da ƙaramar roba mai murfi, yana jiran a miƙo masa mabiyiyar ɗansa ya kai gida a wanke a binne. In na matsa da takardar amincewa na fara bayani, muryata ba ta fita sosai, sai mutum ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya juya baya. Wata biyu ina zirga-zirga, abin da na tara bai taka kara ya karya ba.

Ana cikin haka aka kawo Yaya asibitin da tsohon ciki.

Mu biyu ne mata a wurin Inna, kuma Yaya ce ta raine ni. Ita ta koya mini karatun Hausa a bayan kwalin ashana da na shayi tun ban shiga makaranta ba. Tana aure a garin Katagum, mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai kawaici. In an yi hutu can nake tafiya, in baje littattafaina a ɗakinta, ita tana tsifar kaina ina karatu. Ba ni da ƙawaye na kirki. Ɗakin nan shi ne inda nake sakin baki in yi magana.

Gidan kuwa na surukarta ne, Hajiya. Asalinsu mutanen Borno ne, in ranta ya ɓaci takan koma Barbarci. Tana karɓar haihuwa tun kafin a haife ni, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta ƙaunata ba. "'Yar boko ta iso," haka take cewa in na yi sallama. "A ɓoye kanwa da gishiri, yanzu a ce za su kashe mu." Da ƙafar Yaya ta kumbura na ce a je awo, Hajiya ta ce ai kumburi alamar namiji ne. Sai da Yaya ta fara ganin mutum biyu-biyu sannan aka sako ta a mota.

Aka kwantar da ita, aka yi mata allurar hana jijjiga, likita ya ce gobe za a tayar da naƙuda, don maganin ciwon shi ne a raba ta da cikin. Da yamma, Inna ta fita alwala, na zaro takardata.

"Yaya, kin san binciken nan nawa."

"Na mabiyiya? Ke dai ba kya jin ƙyama."

"Ɗan kaɗan zan yanka. Ba abin da zai same ki."

Ta rufe ido da hannu saboda hasken taga. "Kawo in sa miki, ki ƙyale ni. Kaina kamar ana sara da gatari."

Ta sa hannu a karkace. Na rubuta ranar da lokacin a littafina. Mijinta yana waje a kan benci, na wuce shi na gaishe shi, ban ce masa komai ba.

Washegari da hantsi ta haifi 'ya mace, ƙarama amma da lafiyarta. Ungozomar da ta karɓa ta shimfiɗa mabiyiyar a faranti, ta duba, ta ce ta fito duka, ta rubuta a katin Yaya. Na nuna mata takardar, ta gyaɗa kai tana sauri, wata na kiranta a gadon gaba. Na sa safar hannu, na auna, na yanki guntu daga gefen da ke manne da jikin uwa, na jefa a kwalba. Na rubuta nauyi da faɗi da launi da daidai inda na yanka. Duk a littafina na rubuta. A katin Yaya ban sa ko ɗigo ba, don ba a taɓa ce mini in sa ba, ni kuma ban yi tunanin wani zai sake duba abin da za a binne ba.

Na naɗe sauran a leda, aka miƙa wa mijin Yaya. Hajiya ta karɓe robar daga hannunsa ta ce ba za ta bari abin jikarta ya wuni a hanya ba, suka kama hanyar Katagum. Ni kuma na kai kwalbata ɗakin gwaji, na dawo na zauna ina kallon jaririya.

Bayan azahar sai ga Hajiya ta faɗo ɗakin kamar an jefo ta, mayafi a kafaɗa, robar nan a rungume, ɗanta na biye da ita yana haki. Sun kira Inna ba su samu ba, wayarta na wurin mai caji a bakin ƙofar asibiti. Hajiya ta dire robar a teburin nas ta buɗe.

"Wace ce babba a nan? Ku zo ku ga aikinku. Kun bar wa yarinya abu a ciki kun ce mu tafi!"

Ta ɗago mabiyiyar da hannu biyu ta haɗe ta, ɓangarorin suka zauna da juna, sai wuri ɗaya da ya buɗe baki. Daidai yadda aka koya mana a aji a duba, haka ta yi, har ta fi mu iyawa. Duk mai karɓar haihuwa ta san in guntu ya ɓace a nan, to yana cikin mace, kuma shi ke sa jini ya ɓalle ko ciki ya ruɓe. Ta riga ta wanke ta murza, bakin yankan ya saki, ba mai cewa wuƙa ce ta yi.

Ungozomar safe ta tashi daga aiki. Nas ɗin rana ta dubi kati, ta dubi ramin, ta ce a kira likita. Ta zo ta ɗora hannu a marar Yaya ta danna da ƙarfi. Yaya ta yi ƙara ta riƙe ƙarfen gado.

Ina tsaye a jikin taga da littafina a hannu. Na san amsar tun lokacin da aka buɗe robar. Bakina ne ya ƙi buɗewa. Ɗakin cike yake da mata, kowa ya miƙo wuya, ga Hajiya tana ta faɗa. Na riƙa ce wa kaina bari ta ɗan yi shiru, bari in ja nas gefe in gaya mata a hankali. Likita ya shigo, ya saurara, ya ce a ja labule, a kawo masa doguwar safar hannu, zai duba ciki. Yaya ta fara kuka tana kiran Inna. Sai da na ji ƙarar safar a hannunsa sannan na ce, "Ni ce."

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa.

Likita ya leƙo ta labule. Na buɗe masa littafin, na nuna shafin da zanen da na yi na inda na yanka. Ya gwada da ramin. Ya cire safar ya jefar, ya dube ni ya ce, "Tun ɗazu kina nan?" Bai jira amsa ba.

Hajiya ta juyo a hankali.

"Ke kika yi me?"

"Na yanka, Hajiya. Na bincike ne."

"Kika yanka. Kika kai ina? Ko kin ci ne?"

Wata a gadon ƙarshe ta yi dariya ta toshe baki.

"Tsire za ku yi a makarantar taku? Faɗa mini, likitar gidanmu. Na baro Katagum ina salati a mota, ina cewa ko zan tarar da yarinyar nan da rai, ashe ɓarauniyar tana nan tsaye da biro!"

Aka auna jinin Yaya, ya sake hawa. Likita ya kore mu duka waje.

A gindin bishiyar maina da ke bakin ɗakin aka yi sauran. Mijin Yaya, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce, "Ni ne uban yarinyar nan. Jiya kika wuce ni a benci kika ce mini sannu da jiki. Me ya hana ki tambaye ni?"

Na zaro takardar amincewa na miƙa masa. Wannan shi ya ƙara ɓata abin. Hajiya ta fizge ta ta juya ta, ko da yake ba ta karanta boko.

"Yaushe ta sa hannun?"

"Jiya da yamma."

"Jiya da yamma, lokacin da ba ta bambanta ni da ƙofa? Ko takardar sayar da gidan ubanku kika kai mata ai za ta sa." Ta juya ga Inna. "Ke kuma haka kika tarbiyyantar? Mabiyiya ai ta gidan uba ce. Abokiyar tafiyar yaro ce, tare suka zauna wata tara. Wankewa ake a suturta ta kamar mutum. Ba a taɓa binne ta gidana da gibi ba."

Inna ta juyo wajena. Ta dai dube ni, kuma na gwammace a ce mari ta yi.

Na so in yi bayani. Na ce ciwon da ya kusa kashe Yaya daga nan yake fitowa, in an gane yadda ƙwayoyin ke riƙe juna wata rana za a iya tare shi da wuri. Hajiya ta katse ni.

"Wata rana. To, ni ga tawa ranar. Kafin suna ki kawo mini abin da kika ɗauka, in haɗa da ɗan'uwansa. In kin kawo, shi ke nan. In ba ki kawo ba, kada ƙafarki ta sake taka zaurena, ko ina raye ko na mutu."

Ta rufe robarta suka tafi.

A nan ne zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Kwalbar tana ɗakin gwaji, tafiyar minti biyar daga inda muke tsaye, kuma ba a tashi aiki ba. Da na je a ranar, da na karɓo guntun yadda yake. Ban je ba. Na ce wa kaina na gaji. Washegari ma ban je da wuri ba, sai da na tabbata ma'aikacin ɗakin, wani dattijo mai yawan shiru, ya riga ya zuba kwalaben jiya a na'urar da ke shigar da guntayen cikin kaki. Cikin duk waɗanda na samu, na Yaya ne kaɗai na san mai shi, na ga ciwon tun daga kumburin farko. Ina so in gani. Na ɗauka zan iya gani kuma in mayar.

Kwana biyu bayan haka ya miƙo mini shi a daskare cikin kaki, ɗan ƙaramin abu kamar guntun sabulu. Na ce ya yanka mini biyu kawai. Ya ɗaura shi a injin yanka ya fara juya hannu. Kafin a kai ga naman sai an aske fuskar kakin, kuma askin yana tafiya da ɗan naman. Na ga ɓawon yana nannaɗewa yana zuba a tire, fari da ɗan ratsin ja. Da ya gama ya share tiren da buroshi ya juye a kwandon da ake kaiwa ƙonawa. Ina kallo ban hana shi ba.

Rinin da ke nuna danƙon ba mu da shi, sai an aika Kano, kuma ba zai dawo kafin suna ba. Rini na yau da kullum aka yi mini. Na zauna gaban madubi na fi awa. Na ga hanyoyin jini a tsuke, bangonsu ya yi kauri, ga wurare da suka mutu suka yi fari. Abin da aka aike ni in duba kuwa ban gan shi ba. Na kira malamina na gaya masa dangi sun ce a mayar. Ya ce haƙƙinsu ne, in cire shi daga aikin.

Ana gobe suna na shiga motar Katagum, kakin da gilasai biyu a naɗe cikin hankici. An sallami Yaya tun shekaranjiya. Gidan ya cika da mata, ana daka, ana suya, hayaƙi ko'ina. Na yi sallama, hira ta tsaya. Wata ta ce, "Ita ce," ba ta ko rage murya ba.

Hajiya ta bar ni a tsaye har ta gama raba goro. Sannan ta ɗauki ƙaramar fartanya ta ce in biyo ta. Muka zaga bayan ɗakin Yaya, inda aka binne mabiyiyar aka kife wani fasasshen kasko a kai, a jikin katanga. Tagar ɗakin a buɗe take. Yaya na zaune a bakin gado da jaririya a cinya, tana jin mu, tana ganin mu. Fuskarta ta saɓe, ta koma tata.

Na kwance hankicin. Hajiya ta ɗauki kakin da yatsu biyu, ta ɗaga shi a rana, ta shinshina.

"Wannan ne?"

"Shi ne. Ga shi nan a tsakiya, mai duhun."

"Kin mayar mini da abin jika kyandir. Saura lagwani." Ta nuna gilasan da haɓa. "Waɗannan fa?"

"An yanko daga jikinsa an ɗora a kai. Shi ne wannan shunayyen."

Ta daɗe tana kallonsu. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗage kaskon, ta tona da kanta, ba ta yi zurfi sosai ba. Ta yi bisimilla ta ajiye kakin, ta jera gilasan a gefensa. Hannunta na kan ƙasar da za ta tura, ta ɗago kai.

"Duka ke nan?"

Muryarta ta sauka. Ina jin ta gaji da faɗan, ga baƙi cike da gida, so take a rufe maganar. Yaya ta kafe ni da ido ta taga.

Ni kuwa tiren nan nake gani. Tun ina yarinya ban iya a tambaye ni adadin abu in faɗi wanda na san ba shi ba ne.

"Akwai ɗan abin da aka aske wajen yankawa," na ce. "Kaɗan ne ƙwarai. Kamar ɓawon albasa."

"Yana ina?"

"An share."

"An share an kai ina?"

"Kwandon shara. Ana ƙonawa."

Ta tura ƙasar ta rufe ramin, ta daddanna da tafin hannu, ta mayar da kaskon. Ta dafa katanga ta miƙe. Ta yi wata magana da Barbarci wadda ban ji ba, sannan ta ce da Hausa, ba tare da ɗaga murya ba, "Kin san hanyar tasha."

Na zaga ta gaban ɗakin don in yi wa Yaya sallama. Ta riga ni zuwa bakin ƙofa, ta tsaya a ciki ta tare hanya, jaririyar a kafaɗa.

"Yaya, ni dai..."

"Da kin ce mata eh, me zai ci ki?" Tana magana ƙasa-ƙasa, haƙoranta a haɗe. "Ranar da ake danna mini ciki kina tsaye kin yi gum kamar gunki. Yau da ake so ki yi shiru, yau ne bakinki ya buɗe? Ni zan zauna da matar nan, ba ke ba."

Ta saki labule.

Na ratsa tsakar gidan ta tsakanin turame da kaskon suya, ba wadda ta ce in gaida gida. Washegari Inna ta tafi suna ita kaɗai, ta dawo da yamma ta ajiye ƙullin nama da cincin a kan firji, ba ta ce nawa ba ne, ni ma ban taɓa ba.

Na gama binciken da 'yan guntayen da suka rage, na ci jarrabawa. Yarinyar yanzu tana gudu tana surutu. Yaya takan kawo ta Azare in za ta zo ganin Inna, mukan gaisa, ta tambayi aiki, in tambayi mutanen gida, kafin la'asar mijinta ya zo ya ɗauke su. Ta sake samun ciki bana, kuma a bakin Inna na ji. Na sayi na'urar awon jini na ba Inna ta kai mata, na rubuta yadda ake amfani da ita da adadin da in ta gani za ta taho asibiti ba jira. Inna ta ce ta karɓa. Ban san ko tana aunawa ba, kuma gidan da zan je in duba an hana ni shiga.